Gautsin ƙashi wajen tsofaffin mata: matsalar suna da ta awo a gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela

1. Gabatarwa

Cutar da ake kira «ostéoporose» da faransanci tana cikin cututtukan da ba su samu tsayayyen suna ba a hausa. Mai fassara a gidan rediyo ya kan ce «ciwon ƙashi», ma'aikacin likita ya ce «sanyin ƙashi», wani kuma ya bar kalmar faransanci yadda take. A cikin wannan maƙala za mu duba matsalar ta fuskar nazarin halshe, tare da ɗaukar misali daga gundumomi ukku na jahar Tawa: Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela. Illelar da muke nufi ita ce ta Adar, ban da wadda ke tsallaken iyaka cikin jihar Sakkwato.

Abin da muke son nunawa shi ne: a wurin da na'urar awon ƙashi ta yi nisa, magana ce kayan aiki na farko da ma'aikacin likita ke da shi. Sunan da aka ba cutar shi ke nuna ma tsohuwa ƙofar da za ta nufa, ko ta likita, ko ta maɗori, ko teburin mai tallar magani. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ɗora hausa a matsayin halshen ƙasa a Nijar, irin wannan aiki na tsaida kalmomi ya ƙara zama nauyi bisa wuyan sassan nazarin halsuna.

Za mu fara da taƙaita abin da ilimin likita ya sani (2), sannan halin da ake ciki a yankin (3), kalmomin da jama'a ke amfani da su (4), kalmomin da muke ba da shawara a ɗauka (5), da kuma tambayoyin da za a iya yi ma majinyaciya (6).

2. Abin da ilimin likita ya sani

2.1. Ƙashi abu ne mai rai

Jikin baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma a cikinsu da haƙora ne kashi 99 cikin 100 na sinadarin «calcium» na jiki yake. Duk wanda ya taɓa fasa ƙashin rago ya san cewa bayansa ɓawo ne mai tauri, cikinsa kuwa, musamman wajen gaɓa, kamar soso yake. Wannan ginin kullum cikin gyara yake. Ƙwayoyin halitta iri biyu ke aikin: masu rushe tsohon ƙashi («ostéoclastes») da masu gina sabo («ostéoblastes»). Wajen kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwan baligi ake sabuntawa kowace shekara.

Daga yarinta zuwa wajen shekara 25 ko 30 gini ya fi rushewa yawa, har ƙashi ya kai iyakar cikarsa. Daga nan sai a yi ta cin abin da aka tara. Wajen mace, sinadarin «œstrogène» da jikinta ke samarwa a shekarun haihuwa shi ke taka ma rushewar birki. In al'ada ta ɗauke, sinadarin ya ragu, sai rushewa ta yi sauri, har asarar na iya kai kashi 20 cikin 100 cikin shekara 5 zuwa 7. Likitan Amurka Fuller Albright ne ya bayyana wannan dangantaka a farkon shekarun 1940. Ita kalmar «ostéoporose» ta girmi haka: ana jingina ta ga Jean Lobstein, likitan birnin Strasbourg, wajen shekarun 1830, kuma daga girkanci aka haɗa ta, «ƙashi» da «ƴar kafa».

Abu mafi muhimmanci ga mai fassara shi ne cutar ba ta da zafi. Ƙashi na raguwa shekara da shekaru ba tare da mai shi ta ji komi ba, sai ranar da ya karye. Wurare ukku aka fi samun karayar: wuyan hannu, ƙashin baya, da wuyan ƙashin cinya («col du fémur»). Ƙungiyar duniya mai yaƙi da cutar, IOF, ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3 da namiji 1 cikin 5 daga cikin waɗanda suka haura shekara 50 za su gamu da irin wannan karaya. A ƙasashen Turai da Amurka, inda ake tiyata da wuri, wajen mutum 1 cikin 5 na rasuwa cikin shekarar da ta biyo bayan karayar wuyan ƙashin cinya.

2.2. Awo

Hoton ƙashi na yau da kullum, wanda ake ce ma «radiyo» a gidajen likitar Nijar, yana nuna karaya, amma ba ya nuna raguwar ƙashi sai an yi asarar wajen kashi 30 cikin 100. Na'urar da aka tanada domin awon ita ce DXA, wadda ta fara shiga asibitoci a 1987. Majinyaciya na kwantawa bisa tebur kamar minti 10 zuwa 15, ba allura ba zafi, a auna ƙashin baya na wajen ƙugu da wuyan ƙashin cinya. Sakamakon na fitowa da giram bisa santimita murabba'i.

A 1994 hukumar lafiya ta duniya (OMS) ta tsaida yadda za a karanta wannan sakamako. Ana gwada cikar ƙashin matar da matsakaicin na matasan mata masu lafiya, tazarar da ke tsakani ita ce «T-score». Daga −1 zuwa sama, ƙashi lafiya lau. Tsakanin −1 da −2,5, ya fara raguwa («ostéopénie»). Daga −2,5 zuwa ƙasa, cutar ta tabbata. A Amurka ana ba da shawarar awon ga duk matar da ta kai shekara 65. A Faransa asusun inshorar lafiya ya fara biyan kuɗinsa a watan Yuli na 2006, ga waɗanda suka cika wasu sharuɗɗa.

Ya kamata a lura da abu biyu. Na farko, matasan matan da ake gwadawa da su fararen fata ne na Amurka masu shekara 20 zuwa 29. Na biyu, a 2008 jami'ar Sheffield ta Ingila ta fito da wani tsarin lissafi, FRAX, wanda ke ƙiyasta hatsarin karaya cikin shekara 10 masu zuwa daga tambayoyi kaɗai, ko da ba a yi DXA ba. Ƙasashen Afirka ta kudu da Sahara kaɗan ne ke da nasu ma'aunin a ciki, amma darasinsa ya shafe mu: tambaya mai kyau tana ɗaukar kaso babba na aikin na'ura.

3. Halin da ake ciki a yankin

Bisa ƙidayar 2012, gundumomin ukku sun tara mutum sama da 850.000. Malbaza ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, bayan an cire ta daga Ƙonni. Tsarin kiwon lafiya ya tashi daga ƴan ɗakunan shan magani na ƙauye zuwa CSI, zuwa asibitin gunduma kamar na Ƙonni da na Illela, zuwa babban asibitin jaha a Tawa. Akwai kuma asibitin Galmi cikin gundumar Malbaza, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, inda ake tiyata. Na'urar DXA ba ta cikin kayan aikin CSI ko na asibitin gunduma, kuma Yamai na da nisan sama da kilomita 400 daga Ƙonni. Tsarin magani kyauta da aka kafa tsakanin 2005 da 2007 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5, mata masu ciki, tiyatar haihuwa, da kansar mata. Karayar tsohuwa ba ta cikin wannan jeri.

An daɗe ana ɗauka cewa cutar ta Turawa ce. Binciken da Adebajo da abokan aikinsa suka buga a 1991 ya nuna ƙarancin karayar cinya da ta wuyan hannu a Ibadan in an gwada da Ingila. A 1996 Aspray da abokan aikinsa suka nuna cewa tsofaffin matan karkarar Gambiya na da ƙarancin ma'adinin ƙashi, amma ba safai suke karyewa ba. Aikin da Ann Prentice ta jagoranta a Keneba, can Gambiya, ya nuna mata masu samun miligiram 300 zuwa 400 kaɗai na «calcium» a rana, alhali a Turai wajen 1.000 ake ba da shawara, kuma abin da ƙashin uwa ya rasa lokacin shayarwa yana komawa bayan yaye. Saboda hakanan, ko da yake matsakaicin haihuwa a Nijar ya kai 7,6 a binciken 2012 da 6,2 a na 2021, bai halatta a ce ma mata kai tsaye yawan haihuwa ke cinye ƙashi ba.

Amma lissafin da aka yi daga rajistar asibiti waɗanda suka je asibiti kaɗai yake gani. Binciken karayar cinya da aka gudanar a Gambiya a shekarun 2020 ya shigar da maɗora cikin ƙidaya, kuma ya nuna cewa matsalar tana nan, za ta kuma ƙaru da ƙaruwar tsofaffi. A Nijar tsawon rai ya tashi daga ƙasa da shekara 40 a 1960 zuwa sama da 60. Matar da aka haifa shekarar samun ƴancin kai ta cika 65 a 2025. Tana ƴar shekara 13 aka yi farin 1973, tana da 24 aka yi yunwar 1984 da ake kira El-Buhari. Ke nan shekarun da ƙashinta ke tara jari su ne shekarun yunwa. A Adar kuwa, inda maza da yawa ke tafiya bida Nijeriya, Kodebuwa ko Libiya, sau da yawa irin wannan kaka ce ke riƙe da gida. In ta kwanta, da wuya a rasa yarinyar da za a tsaida daga lakwal domin jinya.

4. Kalmomin da jama'a ke amfani da su

4.1. Karaya da tsautsayi

Hausa na da wadatar kalmomi game da raunin ƙashi da gaɓa: karaya, tsagewa, gocewa, targaɗe, buguwa. Akwai kuma sana'ar ɗori da mai ita, maɗori, har da sarautar sarkin ɗori a garuruwa da dama. Dukkan waɗannan kalmomi abin da ya faru ga ƙashi daga waje suke faɗi. Mu dubi jimlolin nan:

(1) Faɗuwa ta karya mata hannu. «La chute lui a cassé le bras.»
(2) Ta faɗi ta karye. «Elle est tombée et s'est fracturée.»
(3) Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. «C'est la fatalité.»

A (1) aikatau «karya» so-karɓau ne, giredi na 1 a tsarin Parsons, kuma mai aikin faɗuwa ce. A (2) «karye» giredi na 4 ne, ba a ambaci mai aiki ba, amma jerin aikatan biyu ya riga ya ɗora dalili bisa faɗuwa. Jimla ta (3) ita ke rufe zancen. Babu inda aka bar gurbin tambayar da likita ke so: me ya sa faɗuwa daga tsaye, a bakin rijiya ko hanyar makewayi da asuba, ta karya wannan mata, alhali da jikarta ce kakkaɓe zane za ta yi ta tashi? Faransancin likita ya ware wannan da sunan «fracture de fragilité», wato karayar da ta auku daga tsayin mutum ko ƙasa da haka. Wannan rarrabewar ce hausa ke bukatar a sama mata kalma.

4.2. Sanyin ƙashi

Kalmar «sanyi» na da faɗi ƙwarai a maganar ciwo. Ta ƙunshi mura, ciwon gaɓoɓi, har da cututtukan mara na mata. «Sanyin ƙashi» ciwon gaɓoɓi da tsamin jiki yake nufi, abin da faransanci ke kira «rhumatisme» ko «arthrose». Ciwo ne mai zafi, mai tashi da hunturu ko damina, wanda ake ganin ya shiga jiki daga waje:

(4) Sanyi ya shiga ƙashinta. «Le froid est entré dans ses os.»

Fassara «ostéoporose» da «sanyin ƙashi» kuskure biyu take haifarwa. Matar da ba ta jin zafi za ta ɗauka ba da ita ake ba. Wadda ke jin zafi kuwa za ta nemi maganin sanyi, kuma cikin ƙwayoyin da ake sayarwa bisa tebur a kasuwanni akwai dangin «corticoïdes», kamar «dexaméthasone» da «prednisolone». Suna kwantar da zafin gaɓa nan take, amma shan su wata 3 ko fiye na cikin manyan abubuwan da ke rage ƙashi. Irin waɗannan ƙwayoyi ne kuma wasu mata ke sha domin ƙiba. Ke nan sunan da bai dace ba na iya kai majinyaciya ga abin da zai ƙara mata cutar.

4.3. Doro da rankwafawa

Karayar ƙashin baya ba ta kama da sauran. Ƙashin lotsawa yake yi, kamar tubalin da aka ɗora ma nauyi tun bai bushe ba, shi ya sa faransanci ya daɗe yana cewa «tassement vertébral». Wajen kashi 2 cikin 3 na irin wannan karaya ba a gano su. Abin da ake gani a ido raguwar tsawo ce da fitowar doro:

(5) Tsufa ya rankwafar da ita. «La vieillesse l'a courbée.»

A nan ma halshe ya ba da dalili tun kafin a yi tambaya. Ba wanda zai kai tsufa likita. Ga likita kuwa, raguwar tsawo ta santimita 4 ko fiye dalili ne na ɗaukar hoton baya.

5. Kalmomin da muke ba da shawara

5.1. «Ostéoporose»

Mun auna kalmomi shidda, ban da «sanyin ƙashi» da muka riga muka kawar.

a) Ciwon ƙashi: ya yi faɗi da yawa, kuma «ciwo» na sa a yi tsammanin zafi.
b) Ruɓewar ƙashi: tana kawo tunanin mugunya da wari, ta fi dacewa da «ostéomyélite».
c) Zaizayar ƙashi: ta bayyana raguwa sannu a hankali, amma zaizaya daga baya take cin abu, kamar ruwa da gaɓar ƙorama. Ta fi dacewa da gogewar gaɓa, «arthrose».
d) Laushin ƙashi: abu mai laushi lanƙwashewa yake yi. A bar wannan ma «rachitisme» na yara da «ostéomalacie» na manya.
e) Hujewar ƙashi: kwaikwayon ginin girkanci ne. Tana faɗin abin da madubin likita ke gani, wanda majinyaciya ba za ta taɓa gani ba.
f) Gautsin ƙashi.

Ta ƙarshe muka zaɓa. Gautsi halin abin da ke da tauri amma ke saurin fashewa ne, kamar ƙwai, tukunyar ƙasa ko busasshen kara. Kalmar ba ta ɗauke da zafi, ba ta nuna wani abu ya shigo daga waje, kuma ta ambaci ainihin hatsarin, wato karyewa. Tana haihuwar wasu cikin sauƙi: «ƙashi mai gautsi», «ƙashinta ya yi gautsi», «karayar gautsi». Ta fuskar karin halshe ma tana da sauƙi. A Adaranci, wanda Bernard Caron ya bayyana cikin littafinsa na 1991, da hausar Ƙonni mai kusanci da Sakkwatanci, ƴar mallaka ta mace na nashewa cikin baƙin da ke biye, har «zaizayar ƙashi» ta koma «zaizayaƙ ƙashi». «Gautsi» namiji ne, -n ɗinsa ɗaya ne daga Illela har Kano, ko da yake a yamma ana ganɗanta «ts» gaban «i». Wannan na da amfani a yankin da majinyata ke ƙetara iyaka zuwa Sakkwato.

Kalmar na da illa guda da ya kamata a tare. Abu mai gautsi ajiye shi ake yi, ƴaƴa na iya hana tsohuwa motsi saboda tausayi. Alhali tafiya, daka da sauran aikin da ke ɗora ma ƙashi nauyi suna cikin abin da ke riƙe shi. Dole duk bayanin da za a yi ya haɗa da jimla kamar haka: «ƙashi mai gautsi motsi yake so, faɗuwa ce ba ya so».

5.2. «Densité minérale osseuse»

«Kauri» girman abu ne, «nauyi» bai la'akari da girma, «ƙwari» da «ƙarfi» kuwa sakamako ne. Misalin da ya fi kusa da ma'anar «densité» a kasuwa yake: tiyar gero da tiyar dusa mazubi ɗaya ne, amma abin da ke ciki ya bambanta. Saboda hakanan muka ɗauki «cikar ƙashi», da «awon cikar ƙashi» a madadin «ostéodensitométrie». Kalmar «awo» sananniya ce ga mata ta hanyar awon ciki, kuma sun san awo ne da ake zuwa ko ana lafiya. Wannan tunanin ake bukata a nan.

Abin da ya faru a Tibirin Maraɗi ya isa ya hana mu cewa «awon ƙwarin ƙashi». Ruwan rijiyar burtsatse da aka haƙa a shekarun 1980 yana da yawan «fluor», kuma yara da dama suka samu nakasar ƙashi da haƙora kafin a daina amfani da shi. A irin wannan cuta ƙashi ya kan fito a cike cikin hoto, amma ba shi da ƙwari. Cika daban, ƙwari daban, kuma cika kaɗai na'urar ke aunawa. «T-score» kuwa ana iya bayyana shi da taki: «ƙashinki ya sauko taki biyu da rabi daga na matasa».

5.3. «Calcium»

Dutsen da masana'antar siminti ta Malbaza ke haƙowa, da alli, da farar ƙasa, duk suna ɗauke da wannan sinadari, sai a ga kamar ɗaya daga cikinsu zai yi suna. Amma a yankin da wasu mata masu ciki ke cin ƙasa, cewa «jiki na bukatar farar ƙasa» na iya zama izini. Kanwa kuma wani sinadari ne daban, dangin «sodium». Aro ya fi: «kalsiyom», a bayyana shi ta hanyar abinci. Ana samun sa a nono da cuku, kuka, zogale, riɗi, da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya. Gero kaɗai ba shi da shi da yawa, ke nan furar da aka dama da nono da wadda aka dama da ruwa ba ɗaya suke ba ga ƙashi. Bitamin D da ke taimaka ma hanji ya tsotse shi kuwa daga hasken rana fata ke samar da shi.

5.4. Matsalar ƙugiya

Kalmomi ukku ke haɗuwa a rubutu in an yar da ƙugiya:

(6) ƙàshii «os», kaashii «excréments», kashìi «part, tas»

A baki ba a ruɗa su, domin baƙin farko, tsawon wasali da karin sauti sun bambanta. Amma tsarin rubutun da aka tabbatar a Nijar a 1999 ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, ƙugiya kaɗai ta rage. A saƙon salula ko takardar da aka buga da na'urar da ba ta da «ƙ», «awon kashi» binciken bayan gida ne, kuma awo ne da ake yi kullum a gidajen likita. Muna ba da shawarar a yi amfani da jam'i a allo da takardun turawa: «awon ƙasusuwa». Ko ƙugiya ta faɗi, «kasusuwa» ba ta da wata ma'ana ta biyu.

6. Tambayoyi biyar

Sharaɗin «shekara 65» da wuya ya yi aiki inda takardun tsofaffi da yawa ke ɗauke da «née vers». Sai a koma ga tambaya. Ma'aikacin CSI sau da yawa sa'an jikan majinyaciya ne, akwai kunya tsakaninsu. Hausa ta tanadi mafita: wakilin suna na boye, «an» da «aka», wanda ke ba da damar tambayar babba ba tare da nuna shi kai tsaye ba.

(7) Inna, yaya aka yi aka faɗi? Daga tsaye ne, ko daga bisa wani abu?
(8) An taɓa karyewa bayan an girma? Cikin mahaifa akwai wanda ya karye a kwatangwalo?
(9) An daɗe da daina fashin salla?
(10) Akwai maganin da ake sha kullum, na likita ko na kasuwa?
(11) Zane ya fara jan ƙasa? Hannu na kai ga ragaya kamar da?

Tambaya ta (7) na raba karayar gautsi da ta hatsarin kabu-kabu ko amalanke. A (8) mun zaɓi «kwatangwalo» domin «hanche» ta faransanci na iya zama ƙugu ko kwankwaso, waɗanda ciwon baya suke tunasarwa. A (9) «fashin salla» sakaya ce da kowace mace ta sani, kuma ɗaukewar al'ada kafin shekara 45 na ƙara hatsari. Ta (10) ta ambaci kasuwa da gangan, domin in an ce «magani» kaɗai a gidan likita, na likita ake tsammani. Ta (11) ta maye gurbin tambayar tsawon da mutum ke da shi yana matashi, wanda kusan ba wanda ya sani. Ma'aunin tsawo kuwa ƙaramin kayan aiki ne, ana iya auna tsohuwa sau ɗaya a shekara a rubuta cikin karne.

In an kai ga magani, fassara na da sauran aiki. «Alendronate», wanda aka amince da shi a Amurka a 1995, ana shan miligiram 70 sau ɗaya a mako, kafin karin kumallo, kuma a zauna ko a tsaya minti 30 ba kwanciya. «Un grand verre d'eau» dole a fassara shi da «ruwa zalla», domin a gidajenmu ruwan da ake ba baƙo sau da yawa da fura a ciki, nono kuwa na hana jiki tsotse maganin.

Maɗora su ma suna cikin waɗanda ya kamata kalmar ta isa gare su, tun da sau da yawa su ke fara ganin karaya. Wuyan ƙashin cinya na can cikin nama, inda karan ɗori ba ya riƙewa, tiyata yake bukata cikin kwana 1 ko 2 in da hali. Doguwar kwanciya ke kawo gyambon baya, ciwon huhu da daskarewar jini. Maɗorin da ya san «karayar gautsi» zai iya ɗaure wuyan hannu, ya kuma ce a je likita a duba dalili.

7. Kammalawa

Ga jerin kalmomin da muka tsaida:

ostéoporose: gautsin ƙashi
fracture de fragilité: karayar gautsi
tassement vertébral: lotsawar ƙashin baya
col du fémur: wuyan ƙashin cinya
densité osseuse: cikar ƙashi
ostéodensitométrie: awon cikar ƙashi, ko awon ƙasusuwa a rubuce
calcium: kalsiyom
ménopause: ɗaukewar al'ada, ko daina fashin salla a gaban majinyaciya

Kalma ba ta zama ta halshe sai masu shi sun karɓe ta. Muna kira ga ɗalibai masu neman batun kundin digiri su gwada wannan jeri a gaban rukuni huɗu: tsofaffin mata, ungozomomi, maɗora da ma'aikatan CSI, a ƙauyukan Ƙonni, Malbaza da Illela. Hanyar gwajin mai sauƙi ce: a faɗi kalmar ba tare da bayani ba, a tambayi mai sauraro me ya fahimta, da kuma wurin wa zai kai mai wannan cuta. Ranar 20 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware ma cutar, dama ce ta gwada jimlolin a gidajen rediyon karkara na jahar Tawa.